Ruwan Agusta a Gidan Yaya

Da yawanku kun ga tifar yashi tana gangarawa layin ƙasa a ranin 2024, kun kuma lura mun daina zaman shago da hantsi har kusan wata uku. Wasu sun ɗauka sabon gida muke ginawa, har ana tare mu a ƙofar masallaci ana mana barka. Wani dattijo ma cewa ya yi ashe limanci na da romo. To ba gini muke yi ba. Gidan marigayi yayanmu ne muka gyara aka sayar. Mun ga ya dace mu ba da labarin a nan, domin ba mu kaɗai ke da gida a kulle a garin nan ba.

Yaya ɗan kwangila ne, yana kai wa ma'aikatu kayan ofis. Ya shigo Abuja tun kafin Babangida ya kwaso gwamnati daga Legas ranar 12 ga Disamba 1991, ya zauna da iyalinsa a cikin birni. Filin nan na Uke ya saye shi ne tun muna ƙarƙashin Filato, kafin a yanke jihar Nasarawa ranar 1 ga Oktoba 1996, lokacin da mutum zai sayi fili a nan abokansa su yi masa dariya. Bai gina ba sai a shekarun da El-Rufa'i ke ministan Abuja, tsakanin 2003 da 2007, sa'ad da rusau ya koro mutane suka cika Mararraba da Masaka. Su waɗancan wurin kwana suke nema. Shi kuwa Yaya cewa ya yi yana son inda zai ji carar zakara, ya sha iska, ya huta da ƙarar jiniya. Ɗaki huɗu da falo, ɗaki biyu a baya, rijiya, mangwaro uku, yazawa da gwaiba. Duk Juma'a in an sauko masallaci sai ya ɗauko hanya, ya kwana biyu, ran Lahadi da la'asar ya koma.

Mu kanmu dalilinsa muka zo garin nan. Shi ya ba mu jarin da muka buɗe shagon kayan masarufi, shi ya ce mu zauna kusa da gidan mu riƙa sa ido. Ku riƙe wannan, domin zai dawo a gaba.

Gidan ya fara mutuwa tun mai shi na da rai. Cunkoson Nyanya da Mararraba ya sa tafiyar da ba ta kai awa guda ba ta koma awa biyu, wani lokaci uku. Ciwon suga ya kama shi. Yara suka girma, suka ce ƙauye ne, ba wuta, ba abokai. Zuwan mako-mako ya koma na wata-wata, daga nan sai da sallah. A shekarar korona, 2020, Allah Ya yi masa rasuwa, ya bar mata biyu da 'ya'ya tara, huɗu daga ciki ƙanana. Aka raba abin da ke banki da motoci, gidan Uke kuwa aka ce a bari tukuna. Kun san kayan gado kafin a raba shi: kowa na da shi, ba kuma wanda zai sayi ƙusa ɗaya saboda shi. Makulli na hannunmu. Kullum muna wuce ƙofar gidan sau biyu a hanyar masallaci, mu ɗaga wa mai gadi hannu, mu wuce. Shekara kusan huɗu ba mu buɗe falon ba. Ba mu da wani uzuri, sai dai in mun shiga muna ganin kujerar da yake zama, to sai muka zaɓi kada mu shiga.

Abin da ya tilasta maganar sayarwa shi ne abin da ya tilasta kowa. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023 komai ya tashi. Amaryar Yaya, wadda ke da ƙananan yaran huɗu, tana gidan haya, kuɗin makaranta ya fi ƙarfinta. Aka yi zaman dangi, aka je gaban alƙali saboda akwai haƙƙin marayu a ciki, aka amince a sayar a raba, aka kuma naɗa mu wakili. Mu ba mu da ko sisi a gadon, tunda ɗan'uwa ba ya gado in akwai ɗa namiji. Wahalar ce kawai rabonmu, mun kuma karɓa.

Ranar da muka buɗe, sai da muka sa aka fasa kwaɗon, don tsatsa ta cinye shi. Wari ne ya fara tarar mu, warin kashin jemage. Silin na falo ya yi ciki kamar tsohuwar tabarma, wani gefen ya zubo a kan kujeru. Guguwa ta ɗaga kwano biyu a kusurwar gabas ban da wanda ya lura, damina uku ruwa na sauka kai tsaye kan katako. Gara kuwa ta yi gini tun daga ƙasa har rufi, ta bi bayan firam ɗin ƙofofi, in ka danna katako da yatsa sai ya nutse. Ɓarayi sun shigo ta tagar banɗaki sun zare wayoyin wuta kaf daga cikin bango, sun kwance kawunan famfo, sun ɗauke injin jan ruwa. Murfin sokawe ya rufta. A kicin muka tarar da saɓar maciji, doguwa, lebura ɗaya ya ajiye shebur ya ce shi ya fasa aikin.

Abin dariya a ciki, a jikin katangar waje akwai rubutu da jan fenti, manya-manyan baƙaƙe da Turanci, cewa wannan gida ba na sayarwa ba ne. Babban ɗan Yaya ne ya sa aka rubuta, bayan wani ɗan damfara ya kawo mutane yana nuna musu gidan a matsayin nasa. Aikinmu na farko a gyaran gidan sayarwa shi ne goge wannan rubutu, sai da aka yi masa shafi uku kafin jan ya daina leƙowa.

Dillali ya zo ya zagaya, hannu a aljihu. Ya ce: "Liman, kada ka wahalar da kanka. Mai saye da ido yake saye. A canza kwanon da ya tashi, a sa sabon silin, a watsa fenti ciki da waje, a share tsakar gida. Amma fa a yi sauri, a rabu da shi kafin ruwan farko." Mun ɗauka saurin saboda tsadar kaya yake nufi, don a daidai lokacin ne, Fabrairun 2024, buhun siminti ya haura naira dubu goma, kowa na kuka. Muka ce masa to.

Kan rufi da gara ba mu yi rowa ba. Kafinta ya sauke duk katakon da ya ci, aka shafe sabon da maganin gara kafin a ɗora, aka haƙa gidan garar da ke gindin katanga har aka ciro uwar, aka zuba magani a ramin. Wanda duk ya taɓa fama da gara ya san in ba ka kai ga uwar ba, aikin banza ka yi. Aka ja sabuwar waya, aka zuba sabon murfin sokawe da rodi, aka yashe rijiya. Wannan duk aiki ne na kuɗi da tsayuwa a rana, ba abin da za mu tsawaita a kai.

Inda maganar take shi ne ɗakin baya na kusurwar yamma, wanda Yaya ke kwana. Akwai tsaga a bangonsa, ta taso daga ƙasa ta hau a karkace har gindin taga, a sama faɗinta ya isa ka zura ɗan yatsa. Daga ƙasa kuma zuwa kamar gwiwar mutum fentin ya kumbura ya yi fari-fari kamar an watsa gishiri. Magininmu dattijo ne, ya ƙwanƙwasa bangon da bayan cokalin gini, ya ce tsagar filasta daban, wannan daban. Ta filasta siririya ce, tana yawo kamar saƙar gizo, ba ta wuce fata. Wannan ta ratsa bulo, ana ganinta ta waje, alamar ƙasa ce ta motsa a ƙarƙashin harsashi. Sai ya samo ɗan guntun gilashi, ya ɗora shi a gicciye kan tsagar, ya manne bakinsa biyu da siminti. Ya ce in bangon na ci gaba da buɗewa, gilashin zai fashe. Mako shida muna leƙawa, bai fashe ba. Muka yi murna. Magini ya ce: "Malam, kada ka yi murna tukuna. Rani ne. Ƙasa a bushe take, ba ta motsi. Damina ce alƙali."

Mai gadin gidan mutumin ƙasar nan ne, Bagwari, Kirista, Yaya ne ya ɗauke shi tun ana gini. Yana zaune a ɗakunan baya da matarsa, yana noma doya da masara a filin gidan. Muna cikin lissafin kuɗin aiki sai muka tambaye shi yaushe rabon da a biya shi. Ya yi shiru, sannan ya ce tun wata biyu kafin rasuwar Alhaji. Jama'a, sama da wata 40 ke nan. Kowane ɓangare na iyalin ya ɗauka ɗayan ne ke biya, mu kuma da muke ɗaga masa hannu kullum ba mu taɓa tambaya ba. Muka ce don me bai yi magana ba? Ya ce yana cin gonar, kuma Alhaji ya yi masa alheri, ba zai je yana bin marayu bashi ba. Shi da ba ya bin mu salla, ga abin da ya yi. Mu da ke gaban sahu, ga namu.

Shi ne kuma ya warware mana zancen tsagar. Ya ja mu bayan gidan ya nuna mana wani zane a jikin katanga, layin laka da ya bushe. Ya ce da can ruwan sama in ya gangaro daga tudu yana bi ta bayan gidan ya wuce rafi. Da maƙwabci ya sayi filin ƙasa ya zagaye shi da katanga, hanyar ta toshe. Tun daga nan duk watan Agusta ruwa ke taruwa a bayan ɗakin Alhaji, ya kwana biyu, ya kwana uku, wata shekarar ma ya shiga ɗakin ta ƙarƙashin ƙofa. Ya ce ya gaya wa dillali tun ranar farko.

Sai a lokacin muka gane saurin da ake mana. A watan Maris, da ƙura da rana, wa zai kalli wannan busasshen wuri ya ce tafki ne?

Muka yi abin da za a iya yi. Magini ya haƙa gefen harsashin kaɗan-kaɗan, yana cikawa da kankare, ba a buɗe shi gaba ɗaya don kada bangon ya zauna. Aka sassaƙe tsagar, aka ɗinke ta da guntayen rodi, aka cike, aka yi sabon filasta. Aka gina lambatu daga bayan ɗakin. Amma lambatu sai da mafita, mafitar kuwa tana cikin filin maƙwabci. Sai da muka je wurin mai unguwa sau uku kafin mutumin ya yarda a huda ƙasan katangarsa a sa bututu. Buhun siminti 60 wannan kusurwa kaɗai ta ci, yawanci bashi muka ɗauko da sunan shagonmu. Da aka gama aka shafa fenti, wallahi ko mu da muka san inda tsagar take sai mun laluba. Magini dai bai canza magana ba: ya yi iya saninsa, amma ba zai rantse ba sai an ga ruwa.

Mai saye na farko ya zo daga Abuja cikin babbar mota, yana son ya mayar da gidan ɗakunan haya. Ya zagaya, ya yaba, ya taya da daraja, kuɗin da ya fi abin da muka sa rai. Muna tsaye a bayan gidan, daidai kan sabon lambatun, sai ya tambaya: "Ruwa ba ya damun wurin nan ko?" Dillali ya yi caraf ya ce: "Haba Alhaji, ai nan tudu ne. Ga ma lambatu sabo." Mutumin ya juyo ya kalle mu. An riga an gaya masa mu ne limamin unguwa. Mu kuwa sai muka sunkuya muna duba waya kamar an kira mu. Ba mu ce e ba, ba mu ce a'a ba. Ya gyaɗa kai, ya ce jibi zai turo kafin alƙalami.

Shekara nawa muna karantar da yara a Islamiyya labarin nan da ke cikin Sahihu Muslim, na ranar da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya wuce wani mai sayar da abinci a kasuwa, ya cusa hannu cikin tsibin ya ji danshi a ƙasa, busasshe a sama. Mai kayan ya ce ruwan sama ne ya taɓa shi. Aka tambaye shi me ya hana ya sa jiƙaƙƙen a sama mutane su gani, aka kuma yi masa gargaɗin da kowa ya sani game da algus. Ruwan sama ne a can, ruwan sama ne a nan. A daren nan mun ja sallar isha'i, mun koma gida, barci ya ƙi zuwa. Zuciya tana ta kawo mana hujja: ai ba kai ka yi ƙarya ba, dillali ne, ai an gyara, ai kuɗin marayu ne, Allah Ya ce a kiyaye shi. Wannan ta ƙarshen ita ta fi ƙarfi, don akwai gaskiya a cikinta.

Da safe muka hau mota zuwa Keffi wurin malaminmu, wanda muka yi Risala a gabansa. Karatunmu bai kai Muhtasar ba, shi ya kai. Muka kwashe komai muka gaya masa. Ya yi murmushi ya ce ai Shehu Halil kamar gidanku ya gani, domin da ya zo maganar aibin gida a babin ciniki, misalin da ya kawo shi ne tsagar bango. Ya yi mana bayani cewa malaman Malikiyya sun kasa aibin gida uku: ɗan ƙarami da ba a kula shi, matsakaici da mai saye zai riƙe gidan a mayar masa da gwargwadon abin da aibin ya rage, da babba wanda ake tsoron rushewa saboda shi, wannan mai saye na da ikon mayar da gidan ya karɓi kuɗinsa. Muka ce to in muka rubuta a takarda cewa an sayar a yadda aka gan shi fa, kamar yadda dillalai ke yi? Ya ce wannan ba ya wanke wanda ya san aibin. Wanda ya sani sai ya faɗe shi da sunansa, ya siffanta shi ko ya nuna shi, ba ya dunƙule magana. Kan marayu kuwa ya ce wakili an ɗora masa ya nemo musu mafi kyawun farashin abin da suka mallaka, abin da suka mallaka kuwa gida ne mai matsalar ruwa. Abin da ya hau kan wannan kuɗin mai saye ne, ba nasu ba. Ya ƙara da cewa kuɗin mai gadi ma a fitar kafin rabo: na kafin rasuwa bashi ne a kan mamaci, na bayanta kuɗin tsare dukiya ne.

Daga tashar Keffi muka kira mutumin Abuja. Muka ce: "Alhaji, jiya ka yi tambaya ba mu amsa ba." Muka gaya masa duka. Ya yi shiru, ya yi godiya, ya ce zai yi shawara. Bai sake kira ba. Dillali ya zo shago yana faɗa, ya ce shekara ashirin yana wannan sana'a bai taɓa ganin wanda ya kori kuɗi da bakinsa ba, ya ce la'adarsa muka ƙona. Ba mu yi musu da shi ba, don ta wannan fuskar gaskiya ya faɗa.

Wanda ya fi wuya shi ne zuwa gaban iyalin. Uwargida ta ce Allah Ya sa haka ne mafi alheri, 'ya'yanta manya ne, suna aiki. Amarya ta saurara har muka gama, tana riƙe da autanta. Sannan ta ce: "Malam, ban ce ka yi ƙarya ba. Amma gaskiyar taka ce, asarar tamu ce. Kai ba ka da ko kwabo a ciki. Kuma da ka riƙa buɗe gidan nan tun shekarar da ya rasu, da ka ga ruwan tun bai fasa bango ba."

Mun sha jin magana a rayuwa, a kasuwa da wajenta, amma ba mu taɓa jin wadda ta zauna daidai kamar wannan ba. Ba mu da amsa. Da mun leƙa bayan gidan a Agustan farko, aikin bututu ɗaya ne da leburori biyu. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, mu kuwa muna wucewa sau biyu a rana bangon na tsagewa. Abin da muka iya shi ne muka ce bashin simintin kusurwar nan mun ɗauke shi a kanmu, ba za a cire daga gado ba, ladan wakilci ma mun yafe. Ta ce ta gode. Amma mun san lissafi, ita ma ta sani: bai cike gurbin ba.

Wani abu kuma da za mu faɗa a gurguje, don zai amfani masu gidaje a nan. Mu in an tambaye mu a Kano ko Katsina cewa muke a Abuja muke zaune, amma takarda ba ta san wannan ba. Ƙasar Uke ta ƙaramar hukumar Karu ce, jihar Nasarawa, kuma tun Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ƙasar jiha a hannun gwamna take. Yaya takardar ciniki kawai ya bari, mai sa hannun mai unguwa da shaidu, da fayil ɗin neman takardar mallaka da ya buɗe bai ƙarasa ba. Duk mai saye da ya zo sai ya tambayi C of O, in babu ya rage kuɗi. Sai da babban ɗansa ya yi ta zirga-zirga ofishin NAGIS kafin a san matsayin fayil ɗin. Wanda ke da irin wannan a ƙasan akwati, ya fito da shi tun yana da ƙafar zuwa da kansa.

Mutum huɗu suka zo bayan na farko. Kowanne mun kai shi bayan gida kafin mu kai shi falo, mun nuna masa layin lakar da muka hana a shafe, mun kira mai gadi ya yi bayani da bakinsa. Uku suka tafi. Na huɗu ma'aikacin asibiti ne da ya kusa ritaya, yana neman inda zai zauna da iyalinsa. Ya dawo da wani ƙaninsa injiniya, suka buɗe bakin lambatun, suka auna gangarensa, suka sa aka zuba ruwa duro biyu suna kallon yadda yake tafiya. Injiniyan ya ce bututun ya yi ƙanƙanta, a ƙara na biyu. Suka taya ƙasa da tayin farko da kusan kashi ɗaya cikin bakwai. Aka kai wa alƙali, aka kira magada, aka sallama. A takardar ciniki an rubuta tsagar da inda take, da yadda aka gyara ta, da maganar ruwan Agusta, mai saye ya sa hannu a ƙarƙashin wannan layin daban. Aka fitar da kuɗin mai gadi cif, aka ba matan tumuninsu suka raba biyu, saura aka raba wa 'ya'ya, namiji rabon mata biyu. Kason ƙananan an sa shi a asusu da sanin kotu. Sabon mai gidan ya ce mai gadi ya zauna har ya cire doyarsa, daga baya ma muka ji sun daidaita ya ci gaba da zama.

Ranar miƙa makulli mun shiga ɗakin Yaya mu kaɗai. Ba komai a ciki sai warin sabon fenti. Mun ɗauki buta ɗaya ta ƙarfe da yake alwala da ita, wadda ɓarayi suka raina, mun sanar da magada, suka ce mu riƙe.

A cikin Agusta aka yi wani ruwa da ya fara tun bayan magariba bai tsaya ba har tsakar dare, irin wanda kuka san yadda layin ƙasa ke komawa. Gidan ba namu ba ne kuma, ba abin da ya haɗa mu da shi a shari'a. Duk da haka muka ɗauki tocila da lema muka gangara. Muna isa muka tarar da mai gidan da mai gadi a bayan ɗakin, wando a naɗe, suna zare ledoji da karan masara daga bakin bututu. Ruwan ya taru har idon sawu, yana ja a hankali, bai kai dokin ƙofa ba. Mai gidan ya haska mu ya ce: "Liman, kai ma ba ka yi barci ba?" Muka karɓi shebur muka taya su. Da gari ya waye ya kira mu ya ce bangon ya yi ɗan danshi daga ƙasa, amma filastar ba ta buɗe ba, zai sa ido zuwa ƙarshen Satumba.

Mun kira Amarya mun gaya mata. Ta ce madalla, ta tambayi mutanen gida, ta ce kuɗin zangon farko na yaran an biya. Gaisuwar tamu har yanzu gajera ce. Da mangwaron gidan ya nuna, sabon mai shi ya aiko mana da kwando guda, muka sa a motar Nyanya aka kai wa yaran.